Yadda ake share dusar ƙanƙara daga mota ba tare da ƙarje fenti ba

A ƙasashe irin su Jamus da Birtaniya da Amurka, aikin farko da ke jiran mai mota da safe a lokacin hunturu shi ne share dusar ƙanƙarar da ta kwana a kan motarsa. Da yawa daga cikin masu gaggawa kan ɓata fentin motarsu a wannan aiki, ba kuma sa lura da ɓarnar sai an wanke motar bayan sanyi ya wuce.

Me ke ƙarje fentin?

Dusar da ta sauka yanzu-yanzu tana da laushi, ba kasafai take yin lahani ba. Matsalar tana tattare da ƙura da tsakuwa da gishirin da ake barbaɗawa a kan tituna, waɗanda ke manne a jikin motar. Shafen ƙarshe da ke sa fenti sheƙi kuwa bai kai kaurin silin gashi ba. Saboda haka idan aka danna burushi da ƙarfi, sai a riƙa jan wannan datti a kan fentin, kamar dai yadda yake faruwa idan aka goge ƙurar hunturu da busasshen tsumma a Kano ko Damagaram.

Yadda ake yi

Ana farawa ne daga rufin mota, sannan gilasai, sannan bonet da but, domin kada a maimaita aiki. Abin da ya fi dacewa shi ne burushi mai taushin gashi ko matura mai bakin soso. A tura dusar a miƙe, ba tare da dannawa ba, a kuma bar ɗan abin da ya rage a kan fenti ya narke da kansa. Shebur da tsintsiya da duk wani abu na ƙarfe ba su da gurbi a nan.

Makankarin roba na gilashi ne kawai. Idan ƙanƙara ta daskare a kan fenti, bai kamata a kankare ta ko a bubbuga ta ba. Kazalika zuba ruwan zafi a kan gilashi na iya tsaga shi, saboda sauyin zafi na farat ɗaya. Maganin feshi mai narkar da ƙanƙara ya fi aminci. Rufe gilashin gaba da mayafi tun da dare shi ma yana rage wahala.

Abin da doka ta ce

To sai dai kuma tsoron ƙarje fenti ba hujja ba ce ta hawa titi da dusa a kan mota. A Jamus, wanda ya share ɗan wurin leƙe kawai a gilashin gaba zai biya tarar Yuro 10, barin dusa a rufi kuma Yuro 25. Barin inji yana aiki a tsaye domin ya narkar da ƙanƙara laifi ne da ke jawo tarar Yuro 80. A Birtaniya, ƙa'ida ta 229 ta dokokin hanya ta buƙaci direba ya share tagogi, ya kuma kawar da dusar da ka iya faɗowa kan wasu.

A jihar Pennsylvania ta Amurka, wani dunƙulen ƙanƙara da ya faɗo daga babbar mota ya fasa gilashi ya hallaka wata mata mai suna Christine Lambert a shekarar 2005. A 2022 jihar ta kafa doka da sunanta, wadda ta bai wa direbobi sa'o'i 24 bayan dusa ta daina zuba su share motocinsu. Fentin da ya ƙarje ana iya gyara shi a gareji, amma dusar da aka bari a rufi na iya zama ajalin wanda ke biye a baya.