Lasisin tuƙi a Birtaniya: wa'adin watanni 12 ga baƙi

Duk baƙon da ya koma Birtaniya da zama yana riƙe da cikakken lasisin tuƙi na ƙasarsa, doka ta ba shi damar tuƙa ƙaramar mota ko babur na tsawon watanni 12 daga ranar da ya zama mazaunin ƙasar.

Da zarar wa'adin ya cika, lasisin Najeriya ko Nijar ko Ghana ko Kamaru ya daina aiki a kan titunan ƙasar, ko da kuwa mai shi ya shekara ashirin yana tuƙi ba tare da ya taɓa yin hatsari ba.

Takardar izinin tuƙi ta ƙasa da ƙasa da wasu kan karɓa kafin su baro gida ba ta ƙara ko kwana ɗaya a kan wannan wa'adi, domin fassara ce kawai ta lasisin da mutum yake da shi.

Waɗanda ake musanya wa

Hukumar DVLA, wadda ke da hedkwata a birnin Swansea na yankin Wales, ita ce ke bayar da lasisi a Ingila da Scotland da Wales, yayin da yankin Ireland ta Arewa ke da tasa hukumar.

Akwai jerin ƙasashen da hukumar ta amince da tsarin jarrabawarsu, kamar Kanada da Australiya da Japan da Singapore da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, kuma ana musanya wa masu lasisin waɗannan ƙasashe da na Birtaniya ba tare da jarrabawa ba.

A nahiyar Afirka, ƙasashe biyu ne kacal ke cikin jerin, wato Afirka ta Kudu da Zimbabwe.

Ɗan Afirka ta Yamma kuwa, sai ya bi matakan da ɗan shekara 17 da ke fara koyon mota yake bi.

Matakai uku

Matakin farko shi ne neman lasisin koyo, wanda a shekarar 2025 kuɗinsa ya kasance fam 34 ta intanet, ko fam 43 ta gidan waya.

Daga nan sai jarrabawar dokokin hanya, wadda aka ɓullo da ita a 1996, kuma ake yin ta a kwamfuta a kan fam 23.

Tambayoyi 50 ne, kuma sai mutum ya amsa 43 daidai. Tun 2002 aka ƙara wani sashe inda ake nuna gajerun hotunan bidiyo na hanya, a ga saurin mutum wajen hango hatsari. Guda 14 ake nunawa, kuma ana bukatar maki 44 daga cikin 75.

Tun watan Afrilun 2014 aka hana amfani da tafinta ko wasu harsunan waje, saboda haka da Ingilishi ko harshen Wales kaɗai ake yin jarrabawar.

Shaidar cin wannan mataki shekara biyu take yi. Idan ta ƙare mutum bai ci gwajin tuƙi ba, sai ya sake daga farko.

Mataki na ƙarshe shi ne gwajin tuƙi a kan titi, wanda hukumar DVSA ke gudanarwa a kan fam 62 a ranakun aiki, ko fam 75 da yamma da ƙarshen mako.

Ana farawa ne da gwajin ido, inda ake sa mutum ya karanta lambar mota daga nisan mita 20, sannan a yi tuƙi na kimanin minti 40 tare da jami'in gwaji a gefe.

Ana yafe ƙananan kurakurai har 15, amma babban kuskure guda ɗaya ya isa ya kayar da mutum. Alkaluman hukumar sun daɗe suna nuna cewa ƙasa da rabin gwaje-gwajen da ake yi ne ake ci.

Wanda ya yi gwajin da motar da ke sauya giya da kanta, lasisinsa bai ba shi izinin tuƙa mota mai giyar hannu ba.

Inda gizo ke saƙar

Shekara guda dai tana da tsawo a ido, to amma ba a barin mutum ya zauna jarrabawar sai ya shafe aƙalla kwanaki 185 a ƙasar cikin watanni 12 da suka gabata.

Ke nan kimanin watanni shida ne suka rage wa baƙo ya ci jarrabawa biyu kafin lasisinsa na gida ya daina aiki.

Ga kuma cunkoson masu jiran gwaji da ya taru tun lokacin annobar korona, inda a 2025 matsakaicin lokacin jira ya kai kusan watanni biyar.

Wanda ya faɗi sau ɗaya ya koma layi, da wuya ya kammala cikin wa'adin.

A cikin shekarar farko, baƙo na iya tuƙi shi kaɗai da lasisinsa na gida ko da ya karɓi na koyo. Bayan haka sai ya liƙa alamar ɗan koyo mai jan harafin L a gaba da bayan mota, kuma dole wani ya zauna kusa da shi, wanda ya haura shekara 21 kuma ya shekara uku da cikakken lasisi.

Ga ma'aikatan jinya da masu kula da tsofaffi a gidajensu, waɗanda da yawansu daga Najeriya suka je, wannan na nufin rasa motar da suke dogaro da ita wajen zuwa aiki.

Tsohon direba, sabon ɗalibi

Masu tuƙi a Birtaniya hannun hagu suke bi, tsarin da Najeriya ta bari a 1972, Ghana kuma a 1974.

Sai dai sauya hannu ba shi kaɗai ne ke ba tsofaffin direbobi wahala ba. Jami'in gwaji yana lura da ko mutum ya duba madubi kafin ya ba da sigina ko ya taka birki, da yadda yake ba motocin da ke tahowa daga dama hanya a shataletale, da kuma kiyaye iyakar gudu, wadda ake rubutawa da mil maimakon kilomita.

Halin da hannu ya saba da shi shekara da shekaru ba ya gushewa cikin mako guda, shi ya sa ƙwararrun direbobi ma kan biya malamin tuƙi ya gyara musu kafin ranar gwaji.

Hukuncin saɓa doka

Tuƙi bayan cikar wa'adin ba tare da bin sharuɗɗan ɗan koyo ba laifi ne da ka iya jawo tarar da ta kai fam 1,000, da makin laifi uku zuwa shida.

Yana kuma iya ɓata inshorar mota. Tuƙi ba inshora kuwa na jawo tarar fam 300 da makin laifi shida nan take, kuma 'yan sanda na da ikon kama motar.

Ko bayan cin jarrabawa, akwai sauran rina a kaba: duk wanda ya tara maki shida cikin shekaru biyu na farko, ana soke lasisinsa, ya koma ya sake jarrabawar dokokin hanya da gwajin tuƙi baki ɗaya.