Na Wa Zai Fara Aiki? Dokar Lokaci A Wasan Karta Na Magic

A Amurka akwai wani wasan karta da a ke kira Magic: The Gathering. Wani masanin lissafi mai suna Richard Garfield shi ya ƙago shi, kamfanin Wizards of the Coast kuwa ya fitar da shi cikin 1993. Ba irin kartar da mu ka saba gani ba ce. Kowane ɗan wasa shi ke tara katunansa, ya zaɓi 60 ko fiye ya zo da su, masu zanen dodanni da mayaƙa da namun daji. Kowa ya kan fara da rai 20 da kati 7 a hannu. Wanda ransa ya ƙare, an cinye shi ke nan.

Abin da na ke so in bayyana muku shi ne dokar lokaci. A yawancin wasanni, in hannunka ne, abokin wasa sai zuba ido. A nan kuwa akwai katunan da a ke iya jefawa ko da hannun wani ne. To, in mutum biyu su ka jefa kusan tare, na wa zai fara aiki? Abu biyu ke raba wannan gardama, watau dama da tari. Dokar tari ta shigo cikin 1999, sa'ad da aka sake tsara dokokin wasan.

Dama ita ce iznin jefa kati, mutum ɗaya kaɗai ke riƙe da ita a lokaci guda. Mai hannu shi ke fara samunta. In ya ga dama ya jefa, in ba haka ba ya ce ya wuce, ta koma wajen abokinsa.

Katin da aka jefa kuwa ba ya aiki nan da nan. Sai ya hau tari ya jira, kamar kwanukan da aka jera bisa juna, na sama a ke fara ɗauka. In duka biyu su ka wuce a jere ba wanda ya ƙara kome, sai na sama kaɗai ya yi aiki, sa'an nan dama ta komo wajen mai hannu. In sun wuce ba kome a tari, wasa ya ci gaba.

Ga misali. Mai katunan kore yana da dabba, Grizzly Bears, ƙarfinta 2, jimirinta 2. Mai katunan ja ya jefa Lightning Bolt, wadda ke yin rauni 3, don ya kashe ta. Kafin ta yi aiki sai mai kore ya ɗora Giant Growth, mai ƙara wa dabba ƙarfi 3 da jimiri 3. Nasa ne a sama, shi ya fara aiki. Jimirin dabba ya zama 5, rauni 3 bai kashe ta ba. Mai ja ya yi hasarar katinsa a banza.

Yanzu mu juya. Mai kore ya yi garaje, ya fara jefa Giant Growth. Mai ja ya ɗora Lightning Bolt a kai. Ita ke sama, ta sami dabba da jimiri 2, ta kashe ta. Da aka zo kan Giant Growth ba dabbar da zai ƙarfafa, sai a yar. Kati biyu sun tafi, mai ja kuwa ɗaya ya kashe. Kun gani, katunan ba su sake ba, wanda ya fara motsi ne ya sha kashi. Sauri ya haifi nawa.

Amma ba kowane kati ke da wannan 'yanci ba. Waɗannan biyu na nan-take ne. Dabbobi da katunan jira, sai mai hannu, cikin babban zangon hannunsa, sa'ad da tari ba kome. Katin ƙasa ba ya hawa tari sam. Shi a ke karkatarwa a sami mana, watau abin da a ke biyan sauran katuna da shi. Saboda haka gwani ba ya jefa kome sai ya duba ƙasashen abokinsa. In ya ga dutse guda ba a karkata ba, ya san tsawa na iya faɗowa, sai ya dakata.

Ni a ganina, mu da za mu fita koyarwa akwai abin da za mu ɗauka a nan. In ka shirya wa yara wasa ko muhawara, tun kafin a fara ka yanke wa ke da baki, da yadda zai miƙa wa na gaba, da abin da ke nuna an gama. In ba ka yi haka ba, mai ƙarfin murya shi zai ci kullum.