ZAƁEN LAYIN INTANET NA GIDA DOMIN WASANNIN KWAMFUTA

A cikin 'yan shekarun nan wasannin kwamfuta da ake yi ta hanyar intanet sun shiga gidaje masu yawa a ƙasar nan, tun daga Ikko har Maiduguri. Yaro yana zaune a ɗakinsu a Kaduna yana buga ƙwallon EA Sports FC ko eFootball da wani da ke Fatakwal ko Masar, wani kuwa ya haɗa kai da abokansa suna fafatawa a Call of Duty, ko PUBG, ko Free Fire. Ba yara kaɗai ke yi ba, akwai samari da magidanta da ke shiga gasa har su ci kyauta. To, amma sau da yawa maigida yakan kashe kuɗi mai tsoka ya jawo layi, ya sayi na'ura, ya ɗaura wa kansa biyan kuɗin wata-wata, sa'an nan ya tarar wasan yana nan yana tsinkewa kamar da. An shirya wannan ƙasida ne domin mai karatu ya san abin da zai duba tun kuɗinsa bai bar aljihunsa ba.

GUDU DABAM, JINKIRI DABAM

Abin da kamfanoni suka fi tallatawa shi ne gudun layi, watau yawan bayanin da layin zai iya ɗaukowa a cikin sakan ɗaya. Ana auna shi da megabit, shi ya sa ake ganin 20, ko 50, ko 100 an rubuta da manyan lambobi a jikin takardar talla. Wannan adadi yana da amfani, amma ba shi ne ke gyara wasa ba. Yayin da mutum yake cikin wasa, abin da ke fita daga na'urarsa ƙananan saƙonni ne ƙwarai: ya matsa dama, ya yi tsalle, ya buga ƙwallo. Yawancin wasanni ba sa cin ko da megabit ɗaya a sakan a wannan lokaci. Abin da wasa yake nema shi ne saƙon ya je wurin babbar kwamfutar da ke kula da wasan, wadda ake kira saba, amsa kuma ta komo da hanzari.

Lokacin da wannan kai-komo yake ɗauka shi ne jinkiri. A kan allon wasa akan nuna shi da kalmar ping, da lamba, da haruffa biyu, ms, waɗanda ke nufin milisakan, watau kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Ana iya kwatanta gudu da faɗin titi, jinkiri kuwa da nisan gari. Faɗaɗa titin Kano zuwa Zariya zai sa motoci da yawa su wuce a lokaci guda, amma ba zai matso da Zariya kusa da Kano ba.

Domin a gane nauyin waɗannan lambobi, sai a tuna cewa yawancin wasanni suna sauya hoton allo sau 60 a sakan, kowane hoto yana ɗaukar kimanin milisakan 17. Wanda jinkirinsa ya kai 100 ke nan hotuna shida sun wuce kafin amsar abin da ya yi ta iso. Bisa ga abin da aka saba, ƙasa da 50 wasa yakan tafi sumul, daga 50 zuwa 100 ana iya yi ba tare da damuwa mai yawa ba, in kuwa ya zarce 150 mai wasan harbi ko na ƙwallo zai riƙa ganin an riga shi ko da shi ya fara taɓa maɓalli. Wasannin da ake yi bi da bi, irin su dara da ludo, ba ruwansu da wannan lissafi.

Akwai abubuwa biyu kuma da suka fi jinkirin kansa ɓata wasa. Na farko shi ne rashin tsayuwarsa wuri ɗaya. Layin da ya tsaya a kan 90 daga farko har ƙarshe ya fi wanda ke sauka 40 ya haura 300 ya sake sauka, domin hannun mai wasa yakan saba da jinkirin da bai canzawa. Na biyu shi ne ɓacewar saƙonni a hanya. Idan ɗaya ko biyu cikin ɗari suna salwanta, sai a ga mutum a kan allo ya tsaya cik, can kuma ya ɓullo a wani wuri dabam. Babu takardar tallan da ke faɗin waɗannan abubuwa biyu, sai dai a gwada.

ABIN DA NISA YAKE JAWOWA

Saƙo a cikin igiyar faiba, watau zaren gilashin da haske ke bi, yana tafiyar kimanin kilomita 200,000 a sakan. Saboda haka kowane kilomita 100 na igiya yana ƙara milisakan ɗaya a zuwa da komowa, kuma babu kuɗin da zai rage wannan. Sabobin manyan wasanni kuwa galibi ba a ƙasar nan suke ba. Suna Turai, a Ingila da Jamus da Holan, ko a Afirka ta Kudu, ko a ƙasashen Larabawa na yankin Gulf.

Nijeriya tana haɗe da waɗannan wurare ne ta igiyoyin da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku, waɗanda kusan dukansu a Ikko suke fitowa tudu. MainOne da Glo-1 sun fara aiki a 2010, WACS da ACE a 2012, igiyar Equiano ta kamfanin Google ta iso Ikko a 2022, 2Africa kuma ta sauka a Ikko da Jihar Akwa Ibom a 2024. Tsawon MainOne daga Ikko zuwa Fotugal kimanin kilomita 7,000 ne, watau milisakan 70 sun tafi tun saƙon bai kama hanyar London ba. Shi ya sa mai wasa a Ikko yakan ga wajen 100 idan sabar tana yammacin Turai, komai kyawon layinsa. Wanda ke Kano sai ya ƙara aƙalla 10 na kilomita kusan 1,000 da ke tsakaninsa da bakin teku. Duk mai tallan da ya yi alkawarin milisakan 20 zuwa sabar da ke Jamus, ko dai bai san abin da yake sayarwa ba, ko kuwa yana zaton mai saye bai sani ba.

Inda kamfanoni suka bambanta shi ne hanyar da kowanne yake bi da saƙon. Wani yakan tura saƙon da za shi Afirka ta Kudu kai tsaye ta gaɓar teku, wani kuwa sai ya fara kai shi Turai tukuna, jinkiri ya ninka. Haka nan kamfanin da ke haɗe da cibiyar musayar intanet ta ƙasa, IXPN, wadda aka kafa a 2006, yana iya miƙa saƙon da ke tsakanin 'yan Nijeriya biyu a nan cikin gida. Ya kamata kuma a tambayi kamfani igiyoyin teku nawa yake dogara da su. Ranar 14 ga Maris 2024 igiyoyi huɗu, WACS da ACE da MainOne da SAT-3, suka lalace a tekun da ke daura da Abijan, aka yi kwanaki intanet tana tafiyar hawainiya a ƙasashen Afirka ta Yamma. Waɗanda suke da wata hanyar ta dabam su suka fara farfaɗowa.

IRE-IREN LAYUKA

Inda duk igiyar faiba ta iso ƙofar gida, ita ce ta fi dacewa da wasa. Jinkirinta kaɗan ne, ba ya yawan motsi, ruwan sama kuma bai dame ta ba. Matsalarta ita ce ba ta kai ko'ina ba, ta fi yawa a wasu unguwannin Ikko da Abuja da Fatakwal da sauran manyan birane. Har ila yau masu aikin hanya da masu ɓarna sukan tsinka ta, abin da ya sa a 2024 Gwamnatin Tarayya ta sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ta ba kariya ta musamman. Kafin a sa hannu, a tambayi maƙwabtan da ke kan layin kwana nawa ake ɗauka kafin a zo gyara.

Layin 4G da na 5G su ne mafi sauƙin samu: a sayi rauta, a sa sim, shi ke nan. Hukumar Sadarwa ta Nijeriya, NCC, ta yi gwanjon lasisin 5G a Disamba 2021, MTN da Mafab suka samu. MTN ya fara aiki da shi a 2022, Airtel kuma a 2023. A gidan da ke kusa da ƙarfen sabis, 5G yana iya kusantar faiba. Sai dai dukan mutanen unguwa ƙarfe ɗaya suke rabawa, don haka layin da ya yi kyau da hantsi yana iya rikicewa bayan sallar isha'i, lokacin da kowa ya koma gida ya kama kallo, kuma lokacin ne aka fi yin wasa. Wannan shi ne ya fi yaudarar masu saye, domin ɗan talla da rana yake zuwa.

Tauraron ɗan Adam iri biyu ne, kada a haɗa su. Tsohon iri yana can sama wajen kilomita 36,000. Saƙo zai hau ya sauko, amsa ma ta hau ta sauko, kilomita 144,000 ke nan, kusan rabin sakan. Yana da amfani ga ofis ko asibitin karkara, amma bai yi wa wasa ba ko kaɗan. Sabon iri, irin na Starlink wanda ya fara aiki a Nijeriya a Janairu 2023, yana shawagi ne a wajen kilomita 550, jinkirinsa kuwa bai kai kusa da wancan ba. Ga wanda ke ƙauye ko garin da babu faiba, wannan mafita ce ta gaske. Amma kayansa da kuɗin watansa suna da tsada, farantinsa yana bukatar sarari ba itace ba gini, ruwan sama mai ƙarfi yakan katse shi na ɗan lokaci, kuma yana shan wuta tsakanin wat 50 zuwa 100, abin da mai inbata zai sa a lissafi.

INDA GUDU YAKE DA RANA

Gudu yana aiki ne wajen sauko da wasan da kuma sabunta shi. Wasu manyan wasanni sun haura gigabait 100. A nan sai a lura cewa bait ɗaya bit takwas ne, kamfani da bit yake talla, girman wasa kuwa da bait ake faɗinsa. Wasa mai gigabait 100 zai ci wajen awa 22 a layi mai megabit 10, a mai megabit 100 kuwa awa biyu da 'yan mintoci. Gudu yana da amfani kuma a gidan da ke da mutane da yawa, inda uwargida take kallon fim, wani yana karatu, wani yana hira ta bidiyo. Tsarin Gwamnatin Tarayya na faɗaɗa intanet na 2020 zuwa 2025 ya sa megabit 25 a birane da 10 a karkara a matsayin abin da ake so a cim ma. Megabit 25 mai tsayuwa ya wadaci ƙaramin gida mai ɗan wasa ɗaya.

Kalmar "mara iyaka" tana bukatar a karanta abin da aka rubuta a ƙarƙashinta da ƙananan haruffa. Kamfanoni da dama suna da ƙa'idar cewa in an sha wani adadi na data a cikin wata, sai a rage gudun layin har watan ya ƙare. Sauko da babban wasa guda ɗaya yana iya cinye wannan adadi a rana ɗaya. Tun da NCC ta amince da ƙarin kuɗin sadarwa na har kashi 50 cikin ɗari a Janairu 2025, wannan lissafi ya ƙara nauyi a kan maigida.

CIKIN GIDA

Ba kowane laifi ne na kamfani ba. Wi-Fi yana raunana idan ya ratsa bangon bulo da siminti, kuma yana karo da na maƙwabta. Igiyar da ke haɗa rauta da na'urar wasa kai tsaye tana aiki har tsawon mita 100, kuɗinta kuma bai taka kara ya karya ba, amma takan gyara abin da ƙarin kuɗin wata bai gyara ba. Mai wasa da wayar hannu, wanda ba shi da halin sa igiya, sai ya matsa kusa da rauta ya zaɓi zangon 5GHz maimakon 2.4GHz. Haka kuma idan wata waya a gidan tana tura hotuna da bidiyo zuwa ma'ajiyar intanet, saƙonnin wasa sukan shiga layi a bayansu su yi ta jira. Rautoci da yawa suna da wurin da ake ba na'urar wasa fifiko.

Sai batun wuta. Ɗauke wuta na sakan biyu ya isa ya kashe rauta, kafin ta sake tashi an fitar da mutum daga wasan, wasu wasannin ma har hukunta wanda ya fita suke yi. Ƙaramin batirin ko-ta-kwana yana riƙe rauta har a tada janareta.

Masu PlayStation da Xbox suna da tambaya ɗaya ta musamman. Kamfanoni da yawa, musamman na wayar hannu, suna haɗa gidaje masu yawa a kan adireshin intanet guda. Idan haka ne, PlayStation takan nuna NAT iri na 3, sai haɗuwa da abokan wasa da yin magana da su su yi wuya. A tambayi kamfani ko yana ba da adireshi na gida shi kaɗai, da kuma nawa ne kuɗinsa.

KAFIN A BIYA, DA BAYAN AN BIYA

Kada a biya kuɗin wata shida ko na shekara saboda rangwame sai an gwada layin na wata ɗaya. Wanda maƙwabcinsa ke da irin layin, ya roƙi arziki ya gwada a can tukuna. Gwajin kuwa a cikin wasan da za a riƙa yi ya kamata a yi shi, domin manhajojin auna gudu sukan zaɓi sabar da ta fi kusa, su nuna milisakan 10 ko 15 da ba su da alaƙa da sabar wasan da ke Turai. A gwada da safe, a gwada tsakanin ƙarfe takwas da sha ɗaya na dare, a gwada ranar Asabar, a rubuta lambobin. A kuma tabbata kamfanin yana da lasisin NCC, domin akwai masu jan waya a unguwanni suna sayar da intanet ba da izni ba, ranar da suka ɓace kuwa babu wanda za a kama.

Idan layi ya kasa cika abin da aka yi alkawari, ƙa'ida ita ce a fara kai kuka ga kamfanin, a karɓi lambar shaidar shigar da ƙara, a adana ta tare da rasit da lambobin da aka rubuta lokacin gwaji. In lokacin da kamfanin ya ɗiba ya wuce bai gyara ba, ko kuwa amsarsa ba ta gamsar ba, sai a buga 622, layin da NCC ta keɓe domin koke-koken jama'a. Kiran kyauta ne, kuma za a nemi wannan lambar shaida kafin a buɗe ƙarar.