Gudu Da Sauyin Gudu: Abin Da Ya Kamata Masu Bin Hanyar Malanville Su Sani

'Yan'uwa, babbar hanyar da ta taso daga Kwatano ta ratsa Paraku da Kandi tana ƙarewa ne a Malanville, a bakin gadar kogin Kwara da ke fuskantar Gaya ta Nijar, tafiyar fiye da kilomita 700. A kan kwalta ɗaya tireloli da 'yan kabu-kabu da masu zuwa kasuwa a ƙafa suke haɗuwa. Don haka muka ga ya dace mu fahimci abubuwa biyu da masana kimiyya suka bambanta, wato gudu da sauyin gudu.

Malejin mota yana nuna mana kilomita nawa ake ci a awa ɗaya. Amma a wurin masana, bayanin gudu bai cika ba sai an faɗi inda aka dosa. Mai kwale-kwale da ke tsallaka kogi ya san haka: yana karkata goshin jirginsa zuwa inda ruwa ke fitowa, domin gudun ruwa da nasa suna haɗuwa su kai shi mashigin da yake nufi.

Shi kuwa sauyin gudu, shi ne yawan abin da gudu ya ƙaru, ko ya ragu, ko ya canza alƙibla cikin kowace daƙiƙa. Taka totur sauyi ne, taka birki sauyi ne, murza sitiyari a kwana ma sauyi ne ko da maleji bai motsa ba. Motar da ke tafiya kilomita 90 a awa a miƙaƙƙiyar hanya ba tare da ƙari ko ragi ba, sauyinta sifiri ne. Shi ya sa fasinja ke barci cikinta. Da zarar an taka birki sai ya hantsila gaba.

A shekarar 1687 Isaac Newton na Ingila ya bayyana ƙa'idar: ba a samun sauyin gudu sai da ƙarfi, kuma gwargwadon nauyin abu, gwargwadon ƙarfin da ake bukata. Ke nan idan aka ninka lodin da ke kan mota har nauyinta ya zama biyu, alhali ƙarfin birkinta yana nan yadda yake, za ta rage gudu ne da rabin yadda ta saba.

Mu yi lissafi. Kilomita 36 a awa daidai yake da mita 10 a daƙiƙa. A ce birki yana rage mita 5 daga gudun a kowace daƙiƙa. Motar za ta tsaya cikin daƙiƙa 2, bayan ta ci mita 10. Idan kuwa tana kilomita 72 a awa, wato mita 20 a daƙiƙa, sai ta yi daƙiƙa 4 ta ci mita 40. Gudu ya ninka sau biyu, nisan tsayawa ya ninka sau huɗu. Idan direba ya ɗauki daƙiƙa ɗaya kafin ƙafarsa ta kai birki, na farko zai tsaya a mita 20, na biyu sai a mita 60. Yaron da ya fito titi a mita 30 ya tsira daga na farko, na biyu kuwa zai iso shi da sauran gudu mai yawa.

Haka abin yake a kwana. Wanda ya ninka gudunsa, ƙarfin da tayoyi ke bukata don riƙe kwalta ya ninka sau huɗu. Idan akwai yashi ko ruwan sama, ko taya ta suɗe, sai mota ta zarce. Idan kuma an tula buhunan albasa ko shinkafa sama, sai ta kife.

Saboda haka muna kira ga direbobi su sassauta tun kafin shiga gari da kwana, su bar tazara, su guji lodin da ya wuce kima. 'Yan kabu-kabu kuma su daina kutsawa gaban tirela, domin ko direbanta ya so tsayawa, nauyi ba zai bar shi ba. Sannu ba ta hana zuwa. Allah Ya kiyaye hanya, Ya kai kowa gida lafiya.