Kyautar Raya Ƙasa: Ba A Biya, Amma Akwai Sharaɗi

Kuɗin da ƙasashe masu tasowa ke gina hanyoyi da gadoji da tashoshin lantarki da su yakan fito ta hanya uku: ko daga harajin jama'a, ko daga rance, ko kuwa daga kyautar da gwamnatocin ƙasashe masu arziki ke bayarwa. Rance dai kowa ya san ɗacinsa, domin jikoki ma sukan tarar da shi. Ita kuwa kyauta ba a biya, ba ta da ruwa. To, amma masu karatu kada su ɗauka banza ce ta faɗi.

Bari mu duba hukumar nan ta Amurka da ake kira MCC, wadda aka kafa a 2004, zamanin Shugaba George W. Bush. An kafa ta ne bisa ƙa'idar cewa sai an auna ƙasa kafin a ba ta ko anini: yaya take yaƙi da cin hanci, yaya take sakar wa jama'a mara, me take kashewa kan ilmi da lafiya. In ta ci jarrabawa, ita za ta zaɓi ayyukan da take so, amma tilas ta gama su cikin shekara 5.

Ghana na cikin waɗanda suka fara cin moriya. A 2006 ta sa hannu kan yarjejeniyar dala miliyan 547, wadda daga cikinta aka faɗaɗa babban titin nan mai tsawon kilomita 14 daga Tetteh Quarshie zuwa mahaɗar Mallam a birnin Accra, aka buɗe shi a 2012. Ganin haka aka ƙara mata dala miliyan 498 a 2014 domin gyaran wutar lantarki, da sharaɗin ta shigar da 'yan kasuwa cikin harkar rarraba wuta. Da gwamnatin Ghana ta soke kwangilar kamfanin da aka damƙa wa aikin a 2019, sai Amurka ta janye dala miliyan 190. Watau mai ba da doki bai saki linzami ba.

Haka abin ya kasance a wasu wurare. Sojoji sun yi juyin mulki a Mali a 2012, aka yanke yarjejeniyarta alhali ba a gama sabon ginin filin jirgin saman Bamako ba. Tanzaniya ta rasa nata rabon a 2016 saboda rigimar zaɓen Zanzibar. Maƙwabciyarmu Nijar ta sami dala miliyan 437 a 2016, har aka gyara filayen noman rani na Birnin Ƙonni, amma bayan juyin mulkin Yuli 2023 aka dakatar da taimakon, har da dala miliyan 302 da aka ware wa hanyoyi.

A duk waɗannan, wa ya sha wuya? Ba wanda ya yi laifin ba ne, manomi ne da direba da mai ƙaramar sana'a. Kuma ko ƙasa ba ta yi laifin komai ba, mai kyauta na iya sake shawara, kamar yadda aka gani a 2025 sa'ad da gwamnatin Shugaba Trump ta rufe hukumar agaji ta USAID.

Sa'an nan akwai abin da kyauta ba ta ɗauka, shi ne kula da aiki bayan an gama. Masu taimako sukan gina, su yanke ƙyalle, su koma gida. Cike ramuka da yashe magudanan ruwa kuwa sai daga baitulmalin ƙasa. Inda ba a tanadi wannan ba, kafin shekara 10 titi ya koma gidan jiya.

Saboda haka ƙasar da aka yi wa tayin kyauta ta karɓa, gama ta fi rance nesa ba kusa ba. Amma ya kamata majalisa ta karanta sharuɗɗan a bainar jama'a kafin a sa hannu, a kuma sa kuɗin gyara cikin kasafin kowace shekara. Wanda ya dogara da tuwon maƙwabci, wata rana da yunwa zai kwana.