Hannu Ɗaya Ba Ya Ɗaukar Jinka

Likita biyu ne kan haɗu wajen gano ciwon daji. Ɗaya yana duba majinyaci, ɗayan kuwa yana nazarin ɗan naman da aka yanko daga jikinsa a ƙarƙashin madubin likita. Idan ba su tuntuɓi juna ba, kuskure yana iya aukuwa, domin naman da aka taɓa yi wa gashi yakan yi kama da mai cutar.

A 1995 rahoton Calman-Hine ya ba da shawarar ƙwararru su riƙa aiki tare a Ingila. Yau a asibitin Christie na Manchester da asibitin Queen Elizabeth na Birmingham, likitocin sukan zauna mako-mako, su gwama sakamakon gwaji da tarihin majinyaci kafin su tsayar da magani.