Ƙirar Matanin Auna Fahimta a Jarrabawar Hausa: Abin da Ya Kamata a Koya wa Ɗalibi

1.0 Gabatarwa

Auna fahimta na ɗaya daga cikin sassan da ɗalibin Hausa ke cin karo da su a jarrabawar kammala sakandare ta hukumar WAEC, wadda aka kafa a 1952, da ta NECO, wadda aka kafa a 1999, da kuma ta shiga jami'a da hukumar JAMB ke shiryawa tun 1978. A nan akan ba ɗalibi guntun rubutun zube da bai taɓa gani ba, a kuma buƙace shi ya amsa tambayoyi a kansa. Tun da ba a iya haddace matanin kafin ranar jarrabawa, malamai da yawa sukan taƙaita shiri ga maimaita tambayoyin shekarun baya. Manufar wannan maƙala ita ce nuna cewa irin wannan matani yana da ƙira, kuma daga ƙirar ne ake ciro tambayoyi.

2.0 Matanin Gwaji

Domin sauƙaƙa bayani, an tsara wannan ɗan matani mai jumla biyar:

(1) A shekarar 1973 fari ya afka wa ƙasar Hausa. (2) Damina ba ta yi albarka ba, gero ya ƙone a gona, dabbobi suka yi ta mutuwa. (3) Saboda haka magidanta da dama suka bar ƙauyukansu suka tafi birane ci-rani. (4) Sai dai ba dukansu ne suka koma gida ba da ruwa ya sauka, domin wasunsu sun sami sana'a a can. (5) Wannan ne ya sa unguwannin gefen gari suka ƙara cika.

3.0 Ginshiƙan Ƙira

3.1 Jumlar jigo

Kowane sakin layi yana da jumlar da sauran suke yi wa hidima. Ɗalibi yakan zaci ta farko ce kullum. A matanin da ke sama jumla ta (1) share fage kawai ta yi, amma inda marubuci ya dosa shi ne jumla ta (5). Idan aka nemi take mafi dacewa, “Farin 1973” zai ja hankalin mai gaggawa, alhali kuwa “Yadda Fari Ya Cika Birane” shi ya tattaro jumlolin biyar gaba ɗaya.

3.2 Mahaɗai

Mahaɗai su ne ke nuna alaƙar jumla da 'yar'uwarta. “Saboda haka” a (3) na gabatar da sakamako, “domin” a (4) na gabatar da dalili, “sai dai” kuwa na karya abin da mai karatu ya yi tsammani. A irin waɗannan gaɓoɓi mai tsara jarrabawa yake ɗana tarkonsa. Idan aka tambaya me ya hana wasu magidanta komawa gida, “fari” amsa ce da ke cikin matani, amma ba daidai ba ce. Fari shi ya fitar da su. Sana'a ita ta riƙe su. Kalmar “domin” ce kaɗai ta bambance dalilan biyu.

3.3 Wakilin suna da nunau

Hausa na bambance jinsi da adadi a lamirin suna, kuma wannan taimako ne babba ga mai karatu. “Ta” a (2) ba za ta koma ga fari ko gero ba, sai ga damina. Wahala takan taso inda sunaye biyu suka yi tarayya a adadi. “-nsu” a “wasunsu” jam'i ne, dabbobi da magidanta da birane kuma duk jam'i ne. Ma'ana ce kawai ke tabbatar da magidanta ake nufi. “Wannan” a (5) ya fi haka zurfi, domin ba suna guda yake wakilta ba, zancen jumla ta (4) ne sukutum.

3.4 Lokutan aikatau

Shuɗaɗɗen lokaci na biyu, mai lamirin “suka”, shi ke jera aukuwa bi da bi: suka bar, suka tafi. Da marubuci ya koma ga na ɗaya a “sun sami”, ya dakatar da tafiyar labari ke nan domin ya ba da bayanin abin da ya riga ya wakana. Ɗalibin da ya gane wannan ba zai sa samun sana'a bayan saukar ruwa ba idan aka ce ya jero abubuwan da suka faru.

3.5 Kalma a muhallinta

Daidaitaccen rubutun Hausa ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Don haka “fari” na iya zama launi ko rashin ruwa, “gari” kuma mazauni ko na tuwo. Maƙwabtan kalma su ne alƙalai: damina da gero a gefe guda, unguwanni a ɗaya gefen. Wanda ya tashi da Hausa yakan warware wannan ba tare da ya lura ba. Lamarin ya sha bamban ga wanda ke koyon ta a matsayin harshe na biyu, kamar yadda Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta ƙarfafa koyon ɗaya daga Hausa da Ibo da Yarabanci ban da harshen uwa. Irin wannan ɗalibi sai an koya masa a fili yadda ake tambayar maƙwabtan kalma.

4.0 Amfani a Aji

Daga abin da ya gabata, ana iya tsara darasi hawa uku. Da farko ɗalibai su karanta matani ba tare da ganin tambayoyi ba, su fitar da mahaɗai, su faɗi aikin kowanne. Na biyu, su mayar da kowane wakilin suna da nunau ga abin da yake nufi. Na uku, su tsara tambayoyi da kansu, kowace da amsa guda ta gaskiya da uku na yaudara waɗanda aka ciro daga cikin matanin. Wanda ya taɓa ɗana tarko ya fi saurin gane shi. Ya kamata kuma a riƙa yin wannan aiki da ka wani lokaci, ganin cewa tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, inda ba a samun damar ja wa kalma layi.

5.0 Kammalawa

An yi ƙoƙarin nuna cewa tambayoyin auna fahimta sukan fito ne daga wurare sanannu: jumlar jigo, mahaɗai, wakilin suna da nunau, sauyin lokaci, da kalmomi masu harshen damo. Dukansu batutuwa ne na nahawu da ɗalibi ya riga ya karanta a wani darasi dabam. Abin da ya rage ga malamai da marubuta littattafan makaranta shi ne su haɗa darussan biyu, ta yadda nahawun da aka koya zai yi wa ɗalibi aiki a ranar da aka ajiye masa matanin da bai taɓa gani ba.